Masu Tsaron Amanar Kuɗi: Ayyukan Hukumomin Sa Ido na Manyan Kasuwannin Duniya da Tasirinsu a Jimeta

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2023, duk wanda ya bi ta ƙofar wani banki a Jimeta da sanyin safiya zai tarar da jama'a sun yi dogon layi tun kafin ma'aikata su iso. Akasarin waɗannan mutane suna da kuɗi a asusu, amma ba su da na cefane a aljihu. A unguwanni irin su Nassarawo, mai kayan miya da mahauci da mai keken haya duk sun koma ko dai su ba da bashi ko su zauna da hajarsu, masu na'urar POS kuwa suka shiga sayar da naira da naira. Abin da ya jawo wannan hali shi ne shawarar hukuma guda, wato Babban Bankin Nijeriya, wanda ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya kuma janye tsofaffin kafin sababbin su wadata.

Wannan lamari kaɗai ya isa ya nuna irin ikon da ke hannun wasu hukumomi waɗanda ba jama'a suka zaɓe su ba, ba a kuma ganin jami'ansu a cikin kasuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ayyukan irin waɗannan hukumomi a manyan kasuwannin kuɗi na duniya, musamman Amurka da Ingila da Tarayyar Turai, tare da nuna hanyar da hukuncinsu ke bi har ya iso ga ɗan kasuwar Jimeta. An ɗauki Jimeta a matsayin madubi ne saboda tana zaune a mahaɗar kuɗi iri uku: naira da ake ciniki da ita yau da kullum, da sefa ta maƙwabciya Kamaru, da kuma dalar Amurka wadda da ita ake biyan yawancin kayan da ake shigowa da su daga ƙetare.

Akwai kuma wata matsala ta harshe da ya kamata a ambata tun daga farko. A kafofin watsa labarai na Hausa akan tattara waɗannan hukumomi duka a ƙarƙashin suna ɗaya, a ce "hukumar kula da kaza". To, kalmar "kula" ta yi faɗi da yawa, domin makiyayi yana kula da shanu, alƙali ma yana kula da shari'a, alhali ayyukan nasu ba su yi kama ba. A ƙarƙashin wannan kalma akwai aƙalla ayyuka huɗu mabambanta: tsare darajar kuɗi, da duba lafiyar bankuna, da tsayawa lamuni ga masu ajiya, da tilasta faɗin gaskiya a kasuwar hannun jari. Mutumin da bai rarrabe su ba, ranar da abu ya same shi zai kai kukansa inda ba za a iya share masa hawaye ba.

2.0 Daga Sarkin Kasuwa Zuwa Babban Banki

Sa ido a kan ma'amala ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da Adamawa. Sarkin kasuwa yana duba mudu da ma'auni, yana raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Dillali shaida ne a kan ciniki, fatoma kuwa shi ke tsaya wa baƙon da ya sauka a gidansa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Yola a 1851, shekara goma bayan Modibbo Adama ya kafa garin, ya tarar ana ciniki da ƙyallayen saƙi na auduga waɗanda Fulani ke kira leppi, yayin da a Kano da Katsina wuri ne kuɗi. Irin wannan kuɗi yana ɗauke da darajarsa a jikinsa, ko kuma a wahalar samunsa, saboda haka aikin mai sa ido bai wuce ya hana algus da tauye mudu ba.

Abubuwa biyu suka canza wannan. Na farko shi ne kuɗin takarda, wanda ba shi da wata daraja sai ta alkawarin wanda ya buga shi. Na biyu shi ne banki, wanda sana'arsa ta bambanta da kowace sana'a. Alal misali, idan mutum ɗari suka ajiye naira dubu-dubu a banki, bankin ba ya kulle naira dubu ɗari ɗin nan a akwati. Zai riƙe wani ɗan kaso domin masu zuwa karɓa yau da gobe, sauran ya ba da su rance na watanni ko shekaru. Muddin masu ajiyar sun natsu, komai zai tafi daidai. Amma ranar da jita-jita ta tashi suka taho gaba ɗaya, ko da bankin bai ci kwabon kowa ba, ba zai iya biyan su ba, domin kuɗin suna hannun waɗanda aka ranta wa. Daɗin daɗawa, tsoro yana yaɗuwa kamar wutar daji: faɗuwar banki ɗaya takan sa masu ajiya a na kusa da shi su ruga, shi ma ya bi sahu.

Wannan shi ne abin da ya faru a Amurka. Ƙasar ta kafa babban bankinta, wanda ake kira Federal Reserve, a 1913 bayan ruɗanin kuɗi na 1907. Duk da haka, bayan rugujewar kasuwar hannun jari ta New York a watan Oktoba na 1929, kimanin bankuna 9,000 suka durƙushe tsakanin 1930 da 1933. Daga cikin wannan toka ne aka haifi hukumar inshorar ajiya ta FDIC a 1933, da hukumar kasuwar hannun jari ta SEC a 1934. A Nijeriya ma haka labarin yake. Dokar banki ta farko ta fito a 1952, a daidai lokacin da bankunan 'yan ƙasa da aka yi ta buɗewa ba tare da isasshen jari ba suka riƙa faɗuwa da kuɗin mutane. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, naira kuma ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu, 1973. Da wuya a sami wata hukumar sa ido a duniya wadda aka kafa saboda hangen nesa tsantsa. Kusan kowacce sai da aka yi ɓari sannan aka tuna da murfi.

3.0 Tsaron Darajar Kuɗi

Aiki mafi girma shi ne na babban banki, wato tabbatar da cewa abin da takardar kuɗi ta saya bana ba zai yi nisa da abin da za ta saya baɗi ba. Babban Bankin Turai, wanda aka kafa a 1998 a birnin Frankfurt, da Bankin Ingila, wanda ya samu tun 1694 amma bai sami 'yancin yanke ƙimar kuɗin ruwa da kansa ba sai a 1997, da kuma na Amurka, dukkansu sun ɗauki kashi 2 cikin ɗari a shekara a matsayin gwargwadon hauhawar farashin da suke so. Na Amurka yana da ƙarin nauyi da doka ta ɗora masa, wato kula da samuwar ayyukan yi. Babban makaminsu kuwa shi ne ƙimar kuɗin ruwa. Idan farashi ya tashi sai su ɗaga ta, rance ya yi tsada, saye ya ragu, farashi ya lafa. Idan kasuwa ta mutu sai su sauke ta.

A nan ne ya kamata a tsaya a ga yadda taron da aka yi a Washington ke taɓa mai shago a Nassarawo. A watan Yuni na 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari. Domin shawo kanta, Babban Bankin Amurka ya riƙa ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri a watan Maris na 2022 har ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.5 a watan Yuli na 2023. Da haka ta faru, manyan masu zuba jari na duniya, waɗanda a da suke kawo dala ƙasashe irin Nijeriya don neman riba, sai suka ga za su sami riba mai kauri a gida ba tare da kasada ba, suka kwashe kuɗinsu. Dala ta yi wuya, ga shi kuma man fetur ɗin da Nijeriya ke haƙowa ya ragu a wannan lokaci. Babban Bankin Nijeriya ya daɗe yana riƙe farashin hukuma da ƙarfin tsiya, har ya sake shi a watan Yuni na 2023. Dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Ɗan kasuwar da ke saro kayan babur ko wayar hannu ko atamfa daga Kano ko Anacha bai taɓa riƙe dala ba, amma wanda ya shigo da kayan daga Sin da dala ya biya, saboda haka sabon farashin ya biyo kayan har Kasuwar Zamani ta Jimeta. Ba daidai ba ne a ɗora wa Amurka laifin faɗuwar naira duka, domin mafi yawan ciwon na cikin gida ne, amma iskar da ta kaɗa daga can ta tarar da bango ya riga ya tsage.

Babban Bankin Nijeriya ya mayar da martani da irin makamin takwarorinsa. Ya ɗaga ƙimar kuɗin ruwa daga kashi 11.5 a farkon 2022 har zuwa kashi 27.5 a watan Nuwamba na 2024, lokacin da hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Sai dai akwai abin dubawa a nan. Wannan makami an ƙera shi ne domin ƙasashen da kusan kowane magidanci yana da bashin banki a kan gidansa ko motarsa, ta yadda ɗaga ruwa zai taɓa aljihunsa nan take. A Jimeta kuwa, yawancin 'yan kasuwa ba daga banki suke samun jari ba. Wasu ba za a ba su ba, wasu kuma ba za su karɓa ba saboda gudun riba. Jarinsu daga uban gida yake, ko adashi, ko kayan da aka ba su a kan amana. Tsadar masara da shinkafa kuma ta fi alaƙa da rashin tsaro a gonaki da ambaliyar Binuwai da kuɗin mota fiye da yawan rance. Ke nan maganin yana iya taimaka wa naira wajen jawo masu dala, amma ikonsa a kan farashin mudu kaɗan ne.

3.1 Sefa

Maƙwabtan Adamawa na gabas sun bi wata hanya dabam. Kamaru da Chadi da wasu ƙasashe huɗu suna da babban banki ɗaya, wato BEAC, mai hedikwata a Yawunde, kuma kuɗinsu a ɗaure yake da yuro a kan sefa 655.957, bisa lamunin baitulmalin Faransa. Ya kamata a lura cewa wannan sefa dabam take da ta Nijar, wadda bankin BCEAO na Dakar ke bugawa, ko da yake darajarsu ɗaya ce. Amfanin wannan ɗauri shi ne natsuwar farashi. Illarsa kuwa ita ce ragamar ba a hannun masu kuɗin take ba, domin duk inda Babban Bankin Turai ya juya yuro, can sefa za ta bi. An ga ƙarshen wannan a watan Janairu na 1994, lokacin da aka wayi gari an rage darajar sefa da rabi.

Ga mai fatauci tsakanin Yola da Garwa, ko tsakanin Mubi da garuruwan kan iyaka, bambancin tsarin nan biyu shi ne ke yanke masa riba da hasara. Duk lokacin da naira ta faɗi, mai sefa yakan ga hatsi da kayan masarufin Nijeriya sun yi masa araha, sai ya shigo ya saya da yawa, abin da ke ƙara wa mazauna gida tsada. Shanun da ake korowa daga Kamaru da Chadi kuwa sai su ƙara kuɗi a naira. Babu ɗaya daga cikin bankunan biyu da ya yi niyyar haka.

4.0 Duba Lafiyar Bankuna da Lamunin Ajiya

Aiki na biyu shi ne ba da lasisi, da bincikar littattafan banki, da tilasta wa masu shi su zuba nasu kuɗin a ciki, domin in an yi hasara ta fara cin jarinsu kafin ta kai ga ajiyar jama'a. Ƙa'idojin wannan aiki a yau daga birnin Basel na ƙasar Suwizalan suke fitowa, kuma asalinsu wani hatsari ne. Ranar 26 ga Yuni, 1974, hukumomin Jamus ta Yamma suka rufe wani banki mai suna Herstatt bayan ya karɓi kuɗin Jamus daga abokan hulɗarsa, amma kafin ya biya su dalar da suka saya, domin a lokacin hantsi ne a New York. Wannan ya nuna cewa banki yana iya mutuwa a wata ƙasa gawarsa ta faɗa kan mutanen wata. A ƙarshen shekarar aka kafa Kwamitin Basel, wanda a 1988 ya fitar da ƙa'idar cewa jarin banki kada ya gaza kashi 8 cikin ɗari na rancen da ya bayar, bayan an auna kowane rance da gwargwadon hatsarinsa. Kwamitin ba shi da 'yan sanda, ba shi da kotu, amma bankin da ƙasarsa ta ƙi bin ƙa'idar zai rasa abokan hulɗa a waje. Babban Bankin Nijeriya ya ma tsananta, ya sa kashi 10 ga bankunan cikin gida, da kashi 15 ga masu rassa a ƙetare.

Darasi na biyu ya zo daga bankin BCCI, wanda ya yi rassa a ƙasashe fiye da 70, har da Nijeriya da Kamaru. An yi masa rajista a Luxembourg da tsibiran Cayman, amma daga London ake tafiyar da shi, saboda haka kowace hukuma tana ganin gaɓa ɗaya ce kawai ta jikinsa, babu mai ganin sa gaba ɗaya. Da aka rufe shi ranar 5 ga Yuli, 1991, sai aka tarar da zamba ta shekara da shekaru. Daga nan aka tsayar da cewa kowane banki na ƙasa da ƙasa dole ya kasance yana da hukuma guda a ƙasarsa ta asali wadda ke da alhakin duba shi dukkansa.

Ƙasashe sun sha bamban wajen wanda suke danƙa wa wannan aiki. Amurka ta rarraba shi tsakanin hukumomi da dama na tarayya da na jihohi. Ingila ta ƙwace shi daga babban bankinta bayan 1997 ta ba wata hukuma mai zaman kanta, amma da masu ajiya suka yi layi a ƙofar bankin Northern Rock a watan Satumba na 2007, ga kuma rugujewar Lehman Brothers a Amurka ranar 15 ga Satumba, 2008, sai ta gane cewa raba mai bincike da mai ba da agajin gaggawa kuskure ne, ta mayar da binciken ƙarƙashin Bankin Ingila a 2013. Tarayyar Turai ta miƙa duba manyan bankunanta ga Babban Bankin Turai a watan Nuwamba na 2014. A Nijeriya aikin yana hannun Babban Banki tare da hukumar NDIC, wadda aka kafa da dokar soja ta 1988.

Tarihin wannan aiki a Nijeriya cike yake da tiyata. Ranar 16 ga Janairu, 1998, an soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. A 2004 Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jari daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, kuma a wannan haɗaka ce Bankin Arewa, wanda tsofaffin ma'aikatan jihar Gongola suka sani sarai, ya narke cikin Unity Bank. Ranar 14 ga Agusta, 2009, Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su faɗi. A watan Maris na 2024 an sake ɗaga jarin, inda aka ce banki mai hulɗa da ƙetare ya tara naira biliyan 500, na ƙasa baki ɗaya kuma biliyan 200.

Aiki na uku, wato lamuni, shi ne wanda ya fi kusa da talaka, kuma shi aka fi jahilta. Fassarar da aka saba yi, "inshorar ajiya", takan sa mai sauraro ya zaci an tsaya wa kuɗinsa duka. Ba haka ba ne, akwai iyaka. A Amurka dala 250,000 ce, a Tarayyar Turai yuro 100,000. A Nijeriya an fara da naira 50,000, aka kai 500,000 a 2010, sannan miliyan 5 a 2024. Abin da ya haura wannan sai an sayar da kadarorin bankin an karɓo basussukansa sannan a raba. Kwatanta abubuwa biyu zai fito da bambancin ƙarfin hukumomi. Da bankin Silicon Valley na Amurka ya faɗi ranar 10 ga Maris, 2023, bayan masu ajiya sun nemi cire dala biliyan 42 cikin yini guda, mafi yawa ta intanet, sai hukumomi suka ajiye iyakar a gefe suka biya kowa duka, saboda tsoron kada gobarar ta tsallaka. Da aka soke lasisin Heritage Bank a Nijeriya ranar 3 ga Yuni, 2024, an biya masu naira miliyan 5 zuwa ƙasa, amma masu sama da haka sai a watan Afrilu na 2025 aka fara ba su kason farko, wanda bai kai kwabo 10 a kan kowace naira ba. Ga dillalin shanu ko mai sayen hatsi da tirela, wanda kuɗin ciniki ɗaya ya ninka miliyan 5 sau da yawa, tara ajiya a banki guda kasada ce da doka ba ta ɗauke masa ba.

5.0 Kasuwar Hannun Jari da Masu Alkawarin Riba

Aiki na huɗu ya sha bamban da sauran. Hukumar SEC ta Amurka, da takwararta ta Nijeriya wadda ta samu wannan suna a 1979, ba su yi wa kowa alkawarin riba ba, ba kuma sa biyan wanda ya yi hasara. Aikinsu shi ne su tilasta wa kamfanin da ke neman kuɗin jama'a ya bayyana haƙiƙanin halinsa, su yi wa dillalai rajista, su kuma hukunta wanda ya yi ciniki da sirrin da sauran mutane ba su sani ba. Wannan ya fi kowane aiki kama da na sarkin kasuwa: ya tabbatar mudu cikakke ne, amma ba ruwansa da ko hatsin zai yi tsada gobe. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa a Arewa sun koyi wannan da tsada a 2008, lokacin da hannayen jarin bankunan da suka saya bayan haɗakar 2005, wasu ma da rance, suka zube, ma'aunin kasuwar ya rasa fiye da rabin darajarsa tsakanin Maris da Disamba.

Su ma masu sa idon sukan yi barci. An daɗe ana kai wa SEC ta Amurka ƙarar Bernard Madoff kafin asirinsa ya tonu a watan Disamba na 2008, aka gane cewa kuɗin sababbin shiga yake ɗauka yana biyan tsofaffi da sunan riba. Irin wannan dabara ce MMM ta zo da ita Nijeriya da alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kulle asusun mutane a watan Disamba na 2016, haka kuma CBEX a watan Afrilu na 2025. Game da MMM, hukumomi sun yi gargaɗi tun kafin ta faɗi, amma masu tallar suna magana da mutane da harshensu, a majalisa da gidan biki, ta bakin ɗan'uwa ko aboki. Dokar zuba jari ta 2025 ta bayyana irin wannan sana'a a matsayin laifi ƙarara, amma doka ba ta dawo da kuɗin da ya riga ya tsallaka teku.

6.0 Inda Idon Bai Kai Ba, da Mai Duba Mai Dubawa

Akwai wata hukuma da ba ta cikin rukunan nan huɗu amma kowane mai asusu ya ji nauyinta, wato FATF, wadda manyan ƙasashe bakwai suka kafa a birnin Paris a 1989 domin yaƙi da halatta kuɗin haram. Ita ce ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido na musamman a watan Fabrairu na 2023, ta cire ta a watan Oktoba na 2025. Yawan tambayoyin da banki ke yi wa mai buɗe asusu, da matsa wa kowa ya kawo lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa, suna da alaƙa da irin waɗannan ƙa'idoji. A watan Maris na 2024 kuma Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a lokaci ɗaya. Amma ɗan canjin da ke musayar sefa da naira a bakin kasuwa, da uwar adashi, da attajirin da ke ba yaransa kaya su biya bayan sun sayar, ba su taɓa neman lasisi ba balle a soke. Abin da ke tsare ma'amalarsu shi ne sanayya da kunya da tsoron zubewar mutunci, kuma sau da yawa wannan ya fi takarda ƙarfi, sai dai ranar da ya karye babu NDIC da za a je wa. Babban Banki da kansa ya faɗi cewa a watan Satumba na 2022, daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna, kuma wannan na cikin hujjojin da ya kafa na sauya takardun kuɗi.

Wannan ya dawo da magana kan layukan Jimeta. An sanar da sauyin ranar 26 ga Oktoba, 2022, sababbin takardu suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffi za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, mako biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa. Kuɗin da ke yawo ya sauko ƙasa da naira tiriliyan ɗaya a watan Fabrairu. A jihar da ƙananan hukumomi da dama ba su da isassun rassan banki, kuma layin waya kan yanke ana tsakiyar tura kuɗi, wa'adin ya zama azaba ga waɗanda ba su ne ake farauta ba. Hujjar ba babban banki 'yanci ita ce kada 'yan siyasa su buga kuɗi don neman ƙuri'a, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai a Amurka shugaban babban banki yana bayyana gaban majalisa sau biyu a shekara ya amsa tambayoyi, a Ingila kuma wajibi ne gwamnan bankin ya rubuta wa ministan kuɗi buɗaɗɗiyar wasiƙa duk lokacin da hauhawar farashi ta kauce wa gwargwadon da aka sa da fiye da kashi ɗaya. A Nijeriya ta 2023 kiraye-kirayen majalisa ba su tsayar da komai ba, sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris, 2023, kotun ta yanke cewa ba a ba jama'a isasshen wa'adi ba, ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. An dakatar da gwamnan bankin, Godwin Emefiele, ranar 9 ga Yuni, a watan Nuwamba kuma kotun ta ɗage wa'adin ba tare da sa wata rana ba. Tun daga lokacin tsohuwar naira 1,000 da sabuwa suka ci gaba da zama a aljihu ɗaya, mai kayan miya a Nassarawo tana karɓar kowacce aka miƙa mata.